Kwamfutar da Fatihu Bai Ƙarasa Ba

Sailuba 'yar Gwale ce a birnin Kano. A shekarar 2001 ta biyo mijinta Fatihu Amurka, da 'yarsu Najiba tana 'yar ƙarama, suka kama haya a Greenbelt, inda ƙugin motocin babban titin Beltway ba ya yankewa. Shi injiniya ne, ita kuma ta sami aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Mace ce mara hayaniya. Duk abin da ya shafi mota, haraji da intanet a hannun maigida yake. Nata dai ta je aiki, ta dawo ta ɗora tukunya.

A bazarar 2016 ciwon zuciya ya kama Fatihu a wurin aiki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. 'Yan uwa suka zo daga Silver Spring da Takoma Park da kulolin abinci, aka yi addu'a, sannan kowa ya koma bakin aikinsa, don ƙasar ba ta jiran mai makoki. Najiba ma ta koma jami'arta a Ohio. Gidan ya yi wa Sailuba girma.

Sai da ta fita takaba ta iya buɗe ƙaramin ɗakin da yake aikinsa. A ƙarƙashin tebur ta ga baƙin akwatin kwamfuta, cikinsa wayam, kusa da shi ga kwali ba a ko yage ledarsa ba. Ta tuna ya taɓa cewa da hannunsa zai haɗa wadda za ta iya ɗaukar zanen gine-ginensa. A lokacin "Allah ya taimaka" kawai ta ce, hankalinta na kan miya.

Ta kira Najiba ta gaya mata. Yarinyar na jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa.

"Mama, ki sayar da su kawai. Zan aiko miki da ƙarama wadda aka riga aka haɗa."

"To," in ji Sailuba. Amma ba ta sayar ba. Asabar da Lahadi sun yi mata tsawo, ga kuma abin da ya fara ya bari.

Abin da ke cikin kwalin shi ne madabod, faifan da ake dasa sauran kayan a jikinsa. Ta shiga intanet neman firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ta faɗa wani shafi mai kyawun hotuna da ke sayarwa a rabin kuɗi. Ta zuba lambobin katin albashinta, har tana yaba wa kanta. Kullum ta dawo aiki sai ta duba bakin ƙofa. Kaya ba su zo ba. Abin da ya zo kiran banki ne, ana tambayarta ko ita ce ke sayen takalma a wata jiha. Aka toshe katin.

Kunyar ta fi asarar ciwo. Ba ta gaya wa Najiba ba. Sai wata rana a ɗakin cin abinci na asibiti, Dorkas, wata nas 'yar Jos da suke gaisawa da Hausa, ta ga tana juya cokali ba ta kai baki.

"Maman Najiba, lafiya kuwa?"

Sailuba ta kwashe labarin ta faɗa mata.

"Ai ni ma sun taɓa yi mini, a kan jakar hannu," in ji Dorkas. "Araha ba ta ado, 'yar uwa. Ki riƙa karanta sunan shafin harafi-harafi, don sukan kwaikwayi na manyan shaguna. Hoton ɗan kwaɗon ƙofar nan da ke saman shafi bai isa shaida ba, ɓarayi ma suna da shi. Ki nemi abin da masu saye suka ce a wani wurin daban, musamman masu ƙorafi. Ki biya da katin kiredit, wato na bashin banki, shi ana iya ƙalubalantar ciniki. Wanda kuwa ya ce ki tura masa kuɗi kai tsaye, ki gudu."

"Sista Dorkas, ina jin bari zan yi. Ba aikina ba ne."

"Ke da kike neman jijiyar jariri ki samu? Ki dai bi a hankali."

Game da kayan kwamfuta kuwa Dorkas ba ta san komai ba, don haka Sailuba ita kaɗai ta koya. Takan zauna da wayarta tana kallon bidiyon masu haɗawa, ta tsayar, ta maimaita. Duk da haka firosesar da ta fara saya a shagon kirki ba ta shiga gurbin madabod ɗin ba, ashe kowane gurbi da irin tasa. Wannan karon ta duba sharaɗin mayar da kaya kafin ta biya, aka musanya mata ba gardama. Ta gane cewa akwatin wuta, mai raba wa kayan lantarki, ba abin tsumulmula ba ne, in ya yi rauni sai ya ja wa sauran. Duk ƙarshen wata sai ta sayi abu guda. Ta kai har takan ji daɗin ƙwanƙwasar mai kawo kaya, don ba wanda ke taɓa ƙofar sai shi.

Wata Lahadi bayan azahar ta shimfiɗa komai a teburin cin abinci. Ta taɓa ƙarfen akwatin tukuna kamar yadda ta ga ana yi, ta ɗora kowane abu a mazauninsa, ta jona wayoyi, ta yi bisimilla ta danna makunni. Fankoki suka juya. Allon ya tsaya baƙi ƙirin.

"Baban Najiba, me na manta?" Sai da maganar ta fita ta ji ta. Ta daɗe zaune tana sauraren fankokin.

Ta tashi ta yi la'asar, ta dawo ta kashe wutar, ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Wata 'yar sandar riƙe bayanai da ake kira ram ce ba ta zauna daidai ba. Ta danna ta da babban yatsa har ta ce ƙas. Da ta sake kunnawa rubutu ya bayyana. Ta waiga da murmushi kamar Fatihu na tsaye a bayanta, sannan ta juyo a hankali. Ta ɗauki hoto ta tura wa Najiba, amsa ta zo can da yamma, wai tana alfahari da ita.

Labari ya bazu a bakin Dorkas. Mata suka fara kiranta kafin su sayi abu a intanet, ta ce su karanto mata sunan shafin. Muniratu, wata 'yar Kumasi mai shagon kayan miya a Silver Spring, ta roƙe ta ta haɗa mata kwamfutar shago, ta haɗa. Tun daga nan takan je can ran Asabar, ko na'urar ba ta da matsala. Muniratu ta zuba mata shinkafa da wake, su ci a bayan kanta suna yi wa Hausar juna dariya.

Da Najiba ta sami aiki a Seattle a 2019, ta bugo waya ta ce mahaifiyar ta tattara ta koma wurinta. Sailuba ta ce za ta yi tunani. Ranar ma Asabar ce, tana shagon. Ta rufe wayar, ta taya Muniratu jera gwangwanayen manja har aka tashi, sannan ta fita jiran bas.