Murjani a Zafin Garwa

A Jidda na fara ganin murjani mai rai, a shagon wani Bayamale da nake sarin turare a wurinsa. Kafin nan, murjanin da na sani shi ne jajayen duwatsun da kakata ke sawa a wuya ranar biki. Ban san halitta ce mai ci da girma ba. Na sake ganinsa a bakin teku a Sudan, amma na Bayamalen nan ne ya zauna mini a rai.

Bayan na ajiye tafiye-tafiye na zauna gida a Garwa, babban ɗana da ke aiki a Duwala ya kawo mini guntun murjani mai rai guda ɗaya. Bai kai tafin hannu ba, gefensa ya ɗan tashi kamar ƙaramin ƙoƙo, kore ne mai ɗigo-ɗigon ja. Ya haɗo da akwatin gilashi, da fitila shuɗiya, da injin motsa ruwa, da buhun gishirin teku, ya rubuta mini awon haɗin ruwan da Faransanci.

Matata ta leƙa ta ce, "Alhaji, tsaranka suna kiwon raguna, kai ka kawo dutse?"

"Yana da rai, Hajiya."

"To, a gaishe shi."

Wata biyar muna lafiya. Bayan sallar asuba nakan ɗauki shayina in zauna gabansa, in ga ƙananan bakunansa sun buɗe suna jiran abinci. Sai bazara ta shigo. Na yi zafin Jidda, na yi na Injamena, amma na Garwa daban ne, musamman idan kogin Binuwai ya janye ya bar yashi. Kullum ruwan akwatin yana raguwa. Ni kuma, mai bin takarda, sai in haɗa ruwa da gishiri daidai awon ɗana in cika. Murjanin ya fara koɗewa, gefensa ya yi fari, bakunan suka rufe. Na ɗora laifin kan zafi da ɗauke wuta. Na jiƙa buhu na naɗe gilashin, na zauna ina yi masa fifita kamar majinyaci. Bai canza ba. Na san idan farin ya kai tsakiya, shi ke nan.

Wata la'asar Hajiya ta same ni ina zuba ruwan haɗina. Ta shafa farin ɓawon da ya taru a bakin gilashin, ta tsoma yatsa cikin ruwan ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Wannan da kake ƙarawa, da gishiri a ciki?"

"Haka aka rubuta."

"Alhaji, harsuna biyar kake ji, amma ba ka taɓa tsayawa kan tukunya ba. Idan miya ta ƙafe a wuta, ruwa ne ya tafi, gishirin yana nan. Wa ke ƙara gishiri? Kashe mini baƙo za ka yi."

Ranar na fara jin ta kira shi baƙo.

Ta kawo ruwan da ta tace a randa, mai sanyi. Na so in juye gaba ɗaya, ta riƙe mini hannu. Moɗa ɗaya da safe, ɗaya da yamma, in ji ta, yadda ake gyara miya ba tare da an lalata ta ba. Sai ta ɗanɗana kafin kowane ƙari.

Farin ya tsaya inda yake. Kafin ruwan sama na farko, kore ya fara dawowa daga tsakiya, bakunan suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Wani gefe bai warke ba, har yau tabon yana nan.

Yanzu ya fi faifai faɗi. Da safe ni ke shan shayi a gabansa, amma moɗar tana hannun Hajiya, kuma ba ta yarda in taɓa.