Hoton da Ya Fito Dishi-dishi

Shekara ashirin Baba Mai-agogo ya yi yana gyaran agogo a bakin titi, kafin wayar hannu ta kashe masa kasuwa. Wata Farfesa ce ta ɗauko shi zuwa ɗakin bincikenta, don ta lura hannunsa ba ya rawa. Aikinsa shi ne ya ɗauki ƙwayoyin wani koren dutse, kowace kamar ƙwayar gishiri, ya manna su a farantin alminiyam, duk su fuskanci waje ɗaya. Ɗari takwas ya jera cikin wata biyar, daga shi sai hantsaki da gam.

Ya taɓa tambayar amfaninsu. Farfesa ta ce a cikin dutsen akwai mitsi-mitsin maganaɗisu zaune uku-uku, kowane na son juya wa maƙwabcinsa baya, abin ya ƙi yiwuwa. Ana son a ga ko tsananin sanyi zai sa su natsu.

"Ai ƙannena ke nan," in ji Baba.

Abin da ya ɓoye wa kowa shi ne bana yatsunsa sun fara karkarwa. Ya san ranar da aka gane, shi da hantsaki sai kallo.

Aka kai farantin wata ƙatuwar na'ura, aka sanyaya shi, aka auna. Da hantsi sakamakon ya iso kwamfutar Farfesa: hoto dishi-dishi, ba layi ba tsari. Baba ya durƙusa.

"Ranki ya daɗe, laifina ne. Hannun ne..."

Ina! Farfesa, mace mai jikoki, tsalle take, takalminta ɗaya can ƙarƙashin tebur.

"Baba, sun ƙi natsuwa! Da sun jeru, layi za ka gani tar. Wannan dishi-dishin muke nema shekara tara!"

Ta buɗe wani hoton, ɗigo-ɗigo ne tsaf kamar tsinin allura. "Wannan kuma jerinka ne. Da ka karkata su, da ɗigon nan ya baje, ba mai yarda da mu."

Daɗi ya kashe Baba. Dariya ta ƙwace masa har da hawaye, ya manta ya ɗaga hannu sama, yatsun na ta rawa a idon kowa. Ya yi sauri zai cusa su aljihu.

"Bar su su sha iska," in ji Farfesa tana laluben takalminta. "Wata uku ina ganinsu. Faranti na gaba dubu ɗaya ne, kuma naka ne."