Motar Cikin Lulluɓi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina fentin mota a wata warsha a Sa'alaba, kuma duk tsawon zaman nan ban taɓa ɓata yawuna a kan wata mota ba kamar yadda na ɓata a kan wadda ba a ma ƙera ba tukuna. Warsha ita ce gareji a bakin mutanen Jidda. Tamu rumfar kwano ce mai cin mota uku, ta huɗu sai dai bayanta ya wuni a titi. Ni ne mai fenti. Mai buga ƙarfe, wanda a can ake kira samkari, wani dattijo ne Bakano da ya zo hajji tun yana saurayi, ya ga gari ya zauna. Kowa Mu'allim yake ce masa, har Balaraben da ke da warshar. Ni kuwa Bazazzagi ne, don haka tsakaninmu ko gaisuwar safe ba ta tafiya sai da tsiya. Shi ya ce bawansa ne ni, ni in ce Bakano ko a Harami ciniki yake nema.

A lokacin da nake ba da labari idon Mu'allim ya fara tafiya. Hawan jinin ido ne, in ji asibiti. Ba ya masa ciwo, ta gefe yake cinsa, har ya zama kamar yana leƙen duniya ta cikin bututu, bututun kuma kullum ƙara tsukewa yake. Aikinsa bai tsaya ba, don samkari da tafin hannu yake neman lotsawa. Sai ya shafa ƙofar mota ya kau da kai, ya ce nan, ya ɗora guduma daidai wurin. Amma mun sani, shi ma ya sani, inda abin ya dosa.

Akwai wata mota da ba ya gajiya da zancenta. Ta Amurka ce, mai ƙofa biyu, mai silinda takwas, irin waɗanda suka cika Jidda shekarun da ya fara koyon aiki. Ɗan wani attajiri ne ya kawo ta an daki bayanta. Kwana tara Mu'allim ya yi yana tayar da tudun nan da ke saman tayar baya, wanda shi ƙugu yake ce masa. Da ya gama, mai motar ya ji daɗi ya miƙa masa makulli, ya ce ya kai ta ƙarshen layi ya dawo. Iyakar tuƙin da ya yi mata ke nan a duniya, daga bakin warsha zuwa ƙarshen layi, amma in yana ba ka labari sai ka rantse Madina ya je ya dawo. Ya ce tana tsaye ma kujera rawa take, in ka taɓa mai kuwa gabanta ɗagawa yake. Na ji labarin nan ya fi sau ɗari, har nakan riga shi faɗin ƙarshensa don in ba shi haushi.

Sai samarin Larabawa masu kawo mana aiki suka fara zancen wai za a sake ƙera ta, sabuwa fil, a kan siffar tsohuwar. Mu'allim ya ce zancen yara ne. Amma na lura ya daina korarsu in sun tsaya surutu.

Ni mai fenti kullum cikin neman takarda nake, ta rufe gilas da fitila kafin in yi feshi. Akwai wani mai tsofaffin jaridu da mujallu a Bab Makka da nake ɗauko damin su a wurinsa. Wata safiya ina yaga wata mujalla ta Turanci zan manna a gilas, sai na ga tsohuwar motar Mu'allim a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma wata baƙar aba a kan titi. Ko ban iya Turanci ba na gane uwa ce da 'ya. Na wanke hannu na kai masa.

Ya kawo takardar dab da hancinsa, yana yawo da ita a hankali don ta bi ta gaban ɗan abin da ya rage masa na gani. Ya daɗe. Ni ma da na duba da kyau sai jikina ya yi sanyi. Sabuwar duk ƙulu-ƙulu ce. Bonet ya kumbura gefe guda, baya ya yi tozo, fitilu wasu 'yan ramuka, ƙugu kuwa babu shi sam, an cike shi ya zama ɗaya da ƙofa. Mu'allim ya ce ma'ajun ne, wato ƙullun nan da ragon samkari ke laftawa a kan lotsawa maimakon ya buge ta. A wurinsa babu abin kunya a sana'a kamar wannan. Ya ce ashe har waɗanda suka ƙera uwar hannunsu ya mutu, sun koma lafta ƙulli. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Wallahi mako guda mutumin nan bai yi mini tsiya ba. Na kawo ful da tamis, wato wake da gurasar can, da safe, ya ɗan taɓa ya ture. Na zage Kano tun daga Dala har Kurmi, ko kai bai ɗaga ba. Abin ya dame ni ƙwarai, na yi ta jin haushin kaina da ban manna takardar a gilas na feshe ta ba.

Wanda ya cece mu wani likita ne ɗan Najeriya da ke aikin kwantiragi a wani asibiti, yakan kawo mana motarsa in an goge ta. Mu'allim ya zaro takardar ya ce ya karanta masa sunan wanda ya yi wannan ɓarna. Likita ya karanta, ya dube mu, sai dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai ba jikin motar ba ne. Baƙin ƙyalle ne da soso ake ɗaura mata in za a fita gwaji, don kada masu ɗaukar hoto da abokan gasa su ga siffarta kafin lokaci. Duk ƙulu-ƙulun nan da gangan aka yi su. Motar tana ciki, ba wanda ya gan ta.

Mu'allim ya ce, “Ashe lulluɓi ne.” Ya juyo wajena. “Kai Bazazzagi, Allah ya shirye ka. Ka sa na yi mako ina makokin amaryar da ba a buɗe fuskarta ba.”

Na ce ni na ce masa ma'ajun ne? Shi da ya shekara talatin yana shafa ƙarfe bai bambance soso da ƙulli ba, sai ni mai fenti? Ranar har shayi ya saya wa kowa, abin da Bakano ba ya yi sai da dalili.

Kafin likita ya tafi, Mu'allim ya tambaye shi yaushe za ta fito. Ya ce yadda aka rubuta, ba za ta kai nan ba sai an yi kamar shekara biyu. Sai ya tambaye shi idon fa, zai kai? Likita ya ce shi ba na ido ba ne, ya dai riƙe maganin ɗigawa, sauran na Allah ne. Mu'allim ya ce shekara biyu ba yawa, ita kaɗai yake roƙo.

Daga nan muka shiga wani zama da har yau in na tuna sai in ji kamar barci ne na yi mai daɗi. Bayan la'asar, in zafi ya faɗi, iskar teku ta fara shigowa da ɗanshinta, sai mu ja kujeru bakin warsha mu buɗe lulluɓin nan da baki. Tunda ba wanda ya ga abin da ke ciki, kowa na da ikon faɗin nasa. Mu'allim ya ce fitilu huɗu ne, zagayayyu, sun ɗan shige ciki kamar mai hararar mutum. Bonet dogo, wanda mutum zai kwanta a kai ya miƙe ƙafa bai taɓa gilas ba. Rufi ƙasa-ƙasa, ya gangaro baya a hankali. Ƙugu kuwa zai taso ne tun daga bayan ƙofa, ya hau, ya yi tudu a kan taya, ya sauka ba tare da an ga inda ya karye ba. In ya zo nan sai ya lumshe ido yana zana shi da hannu a iska.

Launi kuwa na ce kada ya sa mini baki, fagena ne. Ruwan lemo za a yi mata, mai zurfi, feshi hannu bakwai, da baƙin layi biyu daga hanci har wutsiya. Ya ce baƙa za ta fi kwarjini. Na ce baƙar mota a ranar Jidda ai tanda ce, ya je ya gasa gurasarsa ta Kano a ciki. Muka yi wata guda a kan wannan kafin ya sallama.

Da muka gama ƙera ta sai muka fara hawa. Mu bi ta Balad, tsohon gari, a hankali don tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako su amsa ƙarar salansa. Mu fita bakin teku, ya buɗe mata wuta. Wata rana ya ce mu sa ta a jirgin ruwa mu tsallaka Sudan, mu bi hanyar da alhazan dā suka bi da ƙafa, mu yanka ta Chadi, mu shiga Kano da hantsi. Ya ce ba zai yi ham ba, ƙarar inji kaɗai za ta fito da 'yan unguwarsu, waɗanda suka rage. Na ce to a sauke ni a Zariya. Ya ce motar ba ta tsayawa a ƙauye. Mutumin da takardar zamansa a ƙasar ko fita unguwa ba ta ishe shi ba, ga shi yana raba ƙasashe da sitiyari, ni kuma ina gefe ina ce masa ya rage gudu.

Ana haka bututun yana tsukewa. Ya fara neman kofin shayinsa da lalube. Da hotunan motar na gaskiya suka fara fitowa, na kawo masa, ya ce in mayar, takarda ta yaudare shi sau ɗaya, shi jiki da jiki zai gan ta. Ina jin a lokacin ko ya karɓa ba abin da zai gani sai dishi-dishi, bai dai so ya faɗa ba. Ni ma sai na ƙi kallonsu da kyau, na manna su a gilas.

Idon bai kai ba. Wajen azumi ya rufe gaba ɗaya, motar kuma ba ta iso Jidda ba sai bayan hajji. Ya ajiye guduma, amma kullum nakan biya in riƙo hannunsa zuwa warsha, don zaman gida yana cinsa.

Ranar da na ji an ajiye guda a wani gidan sayar da motoci can arewacin gari, na ce masa yalla, mu tafi. Ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya shafa turare. Muka ɗauki tasi da hantsi. A hanya sai murza tafin hannunsa yake a gwiwa, yana goge shi. Na san abin da yake shiryawa. Ido ya tafi, amma in ya ɗora hannun nan daga ƙofa zuwa wutsiya, zai san motar fiye da mai ita.

Muka shiga wuri mai sanyi da ƙamshin sabuwar taya. Tana tsakiya a kan ɗan dandamali, an kewaye ta da jar igiya. Na ja shi har bakin igiyar, na ɗaga zan shigar da shi, sai mai gadi ya taso ya ce mamnu'u, an hana. Na haɗa ɗan Larabcina na ce dattijo ne, ba ya gani, samkari ne, shafawa ɗaya kawai zai yi. Ya ce an riga an sayar, mai ita ya ce ko yatsa kada a ɗora, in aka ga tabo shi za a kora. Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, har da dafa ƙirji. Ni dai raina ya ɓaci, na fara ɗaga murya, na ce hannun da ya tayar da uwarta ne za a ce zai ɓata ta? Mu'allim ya kamo hannun rigata.

“Halas,” ya ce. “Bar shi, aikinsa yake. Faɗa mini kawai.”

Na juya na dube ta sosai a karo na farko. Kyakkyawa ce, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma ba tamu ba ce. Ta fi tamu tsayi da kauri, tagoginta ƙanana, bambarta roba. Ƙugun ɗan layi ne kawai da inji ya matsa, ba tudun da yake zanawa a iska ba. Launinta ruwan toka. Na dubi Mu'allim, ya karkato kunne wajena, hannunsa na dama a buɗe a gefensa. Tausayinsa ya kama ni.

Na ce masa ruwan lemo ce, da baƙin layi biyu. Na ce bonet ɗin mutum zai kwanta a kai ya miƙe ƙafa. Na ce ƙugun ya taso tun daga bayan ƙofa, ya hau, ya yi tudu, ya sauka, ba ka ganin inda ya karye. Yana ta gyaɗa kai a hankali har na kai wutsiya.

“Bazazzagi,” ya ce, “ƙarya kake.”

Mai gadin ya sunkuyar da kai ya koma gefe.

“Ci gaba,” ya ce. “Ba ka faɗi rufin ba.”

Na share fuskata da hannun riga, na ce rufin ƙasa-ƙasa yake, Mu'allim, ya gangaro baya a hankali.