Kwalbar da Ta Yi Ruwan Ƙasa

Shekara talatin babana yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare, har ɗalibai suka laƙa masa Baba Mai Kwalabe. Firamare kawai ya yi. Shi sinadari da launi yake gane shi: shuɗi na jan ƙarfe ne, kore-kore na ƙarfe. Idan takardar jikin kwalba ta goge, sai ya kwafi tsohuwar harafi-harafi, kamar mai zanen hula.

Kwatsam aka kawo sabon shugaba, ya ce duk mai aiki a ɗakin nan sai ya iya rubuta fomular sinadari da kansa, in ba haka ba a sallame shi. Aka ba Baba mako guda. Ranar ko abinci bai taɓa ba. Inna ta ce tun da ta aure shi ba ta ga ya mayar da kwano a rufe ba.

Ni aka ɗora wa koyarwar, ni da na ci kimiyyar nan da kyar da jiɓin goshi. Kullum bayan la'asar muna kan tabarma. Na nuna masa cewa ƙarfe ba ya tsayawa kan cajin lantarki iri ɗaya, wani lokaci biyu, wani lokaci uku, kuma dole cajin ɓangarorin biyu su kashe juna. Ya ce wannan ai munafuki ne. Idan ya haɗu da salfet, wato SO₄, mai caji biyu, ƙarfe mai biyu FeSO₄ ne, mai uku kuwa Fe₂(SO₄)₃. Ya rubuta, ya goge, ya manta bakan da ke kewaye da SO₄, ya sa lamba a sama maimakon ƙasa. Wallahi sau biyu na yi masa tsawa, ni 'yar cikinsa, ya ce in yi haƙuri. Har yau abin yana cina.

Ranar gwajin na raka shi, na laɓe a bakin taga. Malamin kimiyya, wanda Baba ya girme wa nesa ba kusa ba, ya jera kwalabe biyar, yana faɗin suna Baba na rubutawa. Huɗu suka wuce lafiya. A ta biyar ya ce salfet na ƙarfe mai caji biyu. Wannan ce mafi sauƙi, mun yi ta ya fi sau hamsin. Amma sai Baba ya ɗaga kwalbar wajen haske, ya daɗe yana kallo, ya rubuta ta mai caji uku. Na ce a raina shi ke nan, ya faɗi.

Malamin ya girgiza kai, ya ce kuskure ne.

"Malam, na ji abin da ka ce," in ji Baba. "Amma mai biyu kore ne. Wannan ya yi ruwan ƙasa, murfin ya tsage, iska ta shiga. Abin da ke ciki na rubuta, kar yara su gwada su faɗi."

Malamin ya zuba kaɗan a bututun gilashi, ya ɗiga wani ruwa. Guda-guda masu launin tsatsa suka kwanta a ƙasa. Alamar mai caji uku ke nan, shugaba ma ya matso ya gani. Can malamin ya juya ya dubi kantar da ke cike da kwalabe har sama.

"Baba," ya ce, "sauran fa? Zo ka duba mana su."