Goge a Zauren Liman

Jiya na tsinci tsohon batir da ya sha rana, warinsa ya mayar da ni shekarar fari, lokacin da muke shanya batura a kan katanga don su ƙara kwana.

Ina ajin farko a makarantar kwana. Na zo hutu da kaset ɗin da malamin tarihi ya ara mini, wanda ya jera kiɗan Turawa zamani bayan zamani. Damina ta tsaya, gero ya naɗe ganye, ana ganin ƙasan rumbunmu. Babana yana so in bar karatu in bi shi cin rani. Kakana, limamin ƙauyenmu, shi ne bai yanke magana ba. Dattawa kuma sun hana kiɗa har sai an gama roƙon ruwa.

Ni darasi na ɗauki kaset ɗin, ba kiɗa ba. Bayan la'asar na saka shi a rikodar da kakana ke jin tafsiri, a zaure, na rage sauti.

Farkonsa muryoyin maza ne, baki ɗaya, ba ganga ba tafi, suna ja a hankali. Kakana ya shigo da buta, ya tsaya.

"Muridan wane shehi ne waɗannan?"

Kafin in haɗa amsa cewa masu ibadar coci ne na Turai, ya zauna a buzunsa yana gyaɗa kai. Can muryoyin suka rabu, wannan ya yi sama, wancan ya biyo shi a baya.

"Jikokinsu ke nan," in ji shi. "Mai gida ya rasu, gandu ya watse."

Na yi murmushi. A raina na ce makaranta ta tabbata.

Sai zamanin ƙarshe ya shigo. Goge ne, ba ɗaya ba, garke guda, suna tsere da juna. Ka sani, mai karatu, a wajenmu goge ba ya zuwa shi kaɗai, 'yan bori ne ke bin sa. Goggona ta rafka salati daga cikin gida. Dattawan da ke ƙofa suka leƙo.

"Malam, goge?" in ji ladan. "A zaurenka, ga sama a rufe?"

Kakana bai ɗaga murya ba. Ya zare kaset ɗin, ya sa farce ya kamo zaren, ya yi ta ja har ya taru a ƙafarsa. Ya dubi babana, da ke cikin masu leƙowa, ya ce, "Ka tafi da shi."

Ruwa ya sauko a makare. 'Yar dawar da ta tsira, goggo ta ɗaure mata zaren kaset ɗin daga kara zuwa kara don korar tsuntsaye. Shi na gani yana ƙyalli ranar da muka hau motar kudu. Lokacin da na koma makaranta, da ƙannena na zauna a aji, malamin tarihi kuwa an yi masa canji.

Yau kowane yaro a ƙauyenmu da nasa kiɗan a kunne, kuma ba wanda za a cire daga karatu saboda abin da ya ji. Na gode wa Allah da haka. Amma na daɗe ban ga gari guda ya yi shiru tare ba, yana jiran hadari.