Tandun kwallin da Inna ta ce nata ne

Shekarun baya, lokacin da jam'iyyu suka fara yawa a ƙasar nan har kowace bishiya da tutarta, ina budurwa a Cadawa. Na gama lakol, wato makarantar boko, ban samu aiki ba, abin da na samu kawai girman kai ne. Duk wanda aka rubuta wa magani a unguwarmu ni yake kawo wa takardar, in gyara murya in yi bayani kamar ni na haɗa maganin.

Ana nan sai ciwon ido ya kama ni. Na wayi gari idanuna sun manne da kwantsa, sai da na jiƙa su da ruwan ɗumi suka buɗe, jajur. Manjo, wato babban ma'aikacin likitar garinmu, ya duba ya ce ƙwayoyin cuta ne, ya ba ni 'yar kwalbar maganin ɗigawa.

"Sau huɗu a yini, kwana bakwai cur, ko da kin ga ya washe. Ban da kwalli. Tsinken da kike sawa da shi ma ki yar, cutar na bisanshi. Kin gane, madmazel?"

Na amsa da Faransanci, "Wi, wi," ina ɗaga kai, wai ni za a koya wa magani.

Kwana uku ido ya yi fes. Ranar kuwa aka yi babban mitin na jam'iyya a bakin kasuwa, kuma ina cikin 'yan matan da aka ɗinka wa anko za su tsaya a gaba. Na dubi madubi, na ga idon nan fayau babu kwalli kamar na mai zazzaɓi. Na jawo tanduna da tsinken da aka ce in yar, na rambaɗa. Maganin kuma na lura yana wanke kwalli, sai na jefa kwalbar cikin kumbona na rufe. A ganina na warke.

A wannan satin yayata ta haihu a gidanmu, haihuwar fari, mace. Ranar suna, ni ƙanwar uwa, ni na ƙwace kwalliyar jaririya, ban bar kowa ya taɓa ba. Na ja mata gira, na zizara mata kwalli a idanu biyu da tsinken nan nawa. Mata suna ta cewa hannuna ya iya, ni kuwa kai sai ƙara kumbura yake.

Kwana uku bayan suna jaririya ta daina buɗe ido. Fatar ta kumbura, mugunya tana fita, a goge ta dawo. Aka tatsa mata nono a ciki kamar yadda aka saba, bai yi komai ba. Yayata, saboda kunyar 'yar fari, ba ta iya ko tambaya a gaban mutane, sai dai ta juya ga bango kafaɗunta suna rawa. Ni ma nawa idon ya soma ƙaiƙayi, na ja kallabi har gira ina kauce wa mutane. A raina na riga na san abin da na yi.

Surukar yayata ta iso daga Gangara a fusace. Ko tabarma ba ta zauna ba ta fuskanci mahaifiyata.

"Mun ba ku amanar jego, mi kunka yi ma ɗiyar mutane? In ta makance, ku za ku ja mata gora?"

Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "A yi haƙuri, mu tahi likita."

Aka tafi da ni, don ni ce mai karanta takarda. Manjo ya buɗe idon jaririya a hankali, ya goge da auduga, audugar ta fito da baƙi-baƙi. Ya ɓata rai.

"Wa ya sa mata kwalli? Tandun wa?"

 Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma kafin komai ya fito Inna ta ce, "Nawa ne, ɗana. Tsohon tandu ne, ban sani ba."

Surukar ta tafa hannu ta ce, "Kun ji ko!" Manjo bai kula ta ba. Ni ya kalla, ya kalli kallabin da na ja, ya ce, "Madmazel, kin ƙare maganinki?" Na ce, "Wi."  Ya yi wa jaririya allura, ya ba da sabuwar kwalba ta kwana bakwai, ya ce da mun ƙara kwana biyu da sai babban asibitin Maraɗi, kuma ba lalle a ceto ganin ba. Muna fita ya miƙo mini wata kwalbar ta biyu ba tare da ya dube ni ba.

Kwana bakwai ɗin nan ban taɓa ƙirga wani abu kamar su ba. In wanke hannu da sabulu, in ɗiga, ban bari bakin kwalba ya taɓa ido. Rana ta huɗu jaririya ta buɗe ido ɗaya ta kalli rufin ɗaki, yayata ta manta da kunya ta fashe da kuka. Maƙwabta suka ce ai ta warke, a bar ɗiga mata. Na ce ko ɗigo ɗaya ba za a rage ba, har ana mamakin tsananina.

Ido ya warke sarai. Amma labari ya riga ya kai Gangara cewa uwar mai jego ƙazama ce. Haihuwa ta biyu ba su bar yayata ta zo gida ba, kuma Inna ba ta taɓa ɗaga zancen ba.

Sai da na yi aure na haifi nawa na iya faɗa wa Inna gaskiya. Tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na sani tun ranar. Na buɗe kumbonki neman allura, na ga kwalbar cike. Ke budurwa ce, ba ki yi aure ba. Ni mi za su rage mani?"

Tun daga nan ban sake yanke magani don na ji sauƙi ba, kuma babu jaririn da na ƙara kusanta da tsinken kwalli. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne surukar nan ta rasu tana ganin laifin Inna, ita ma Inna ta bi ta, ni kuwa na yi shekaru ina da baki ban je Gangara na gyara ba.

Yarinyar yanzu uwar 'ya'ya ce, idanunta farare tas, kowa yana yabawa. Duk lokacin da ta zo gaishe ni ta ɗago ta ce "Inna ƙarama", ni ce nake fara kawar da kai.