Azumi Mai Guɗa da Lokotoron Haƙori

Azumi 'yar Kalfu ce. Aure ya kawo ta Tawa tun zamanin Nasara, kuma ko da auren ya ƙare ba ta koma gida ba, don a lokacin gari ya riga ya san muryarta. Guɗa ce sana'arta. In ta kama hanci ta rangaɗa ta gabas da kasuwa, matan da ke ɗiban ruwa can yamma sai su ce an kai amarya. Ba sana'a ce da malamai ke yabo ba, ita ma ta sani, shi ya sa ko ana tsakiyar biki ba ta bari salla ta wuce ta.

Gajeruwa ce, ba mai waiwayenta a hanya sai in ta yi dariya. Haƙora gare ta farare tas, jere, da wushirya a tsakiya. Kullum asawaki na bakinta. Goron biki ma ba ta ci, ƙullewa take a gefen zane ta kai wa tsofaffin unguwa. Tana cewa bakinta ne gonarta, ba ta da wata.

Sai wani hali nata da ya sa wasu ke jin haushinta: ba ta yarda da mutum sai ta san mafarinsa. Ko mai nono ce ta zo sabuwa, sai Azumi ta ji ruggarsu da sunan ubanta kafin ta miƙa ƙwarya.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, sai ga Dodo. Mutumin wajen Bambeye ne, ya tafi ci-rani Abijan ya daɗe har an fid da rai. Ya sauka daga kamyo, babbar motar kaya, da farar riga har gwiwa, da tabarau, da kujera mai naɗewa, da awartaki mai ƙyalli. Ya kafa rumfa kusa da tasha, ya ce shi lokotoron haƙori ne. A gaban rumfar ya ajiye wata ƙatuwar kwalba cike da haƙoran mutane, wai shaidar aikinsa. A shekarun nan kuwa, duk wanda ya sa farar riga ya iya cewa "uwi, uwi" da Faransanci, to dattijo mai furfura ma sai ya cire masa takalmi.

Alƙasum mai shagon atamfa ne ya fara zama kujerar. An cire masa ɗaya, ciwo bai tafi ba. Dodo ya ce ciwon ne ya ga awartaki ya gudu maƙwabci. Aka cire maƙwabcin, aka ƙara da na kusa da shi. Alƙasum ya riƙa yawo a kasuwa da tsumma a kunci yana yabon aikin zamani, yana magana miyau na zuba.

Da kaka, daidai lokacin da bukukuwa ke yawa, haƙori ɗaya na matauni ya kama Azumi. Ta sa kanumfari, ta kurkure da kanwa, kunci sai hawa yake. Ranar da ta kama hanci za ta yi guɗa ta ji kamar an soka mata basilla har cikin kunne, ranar ta nufi rumfar Dodo.

"Zauna, Inna," in ji Dodo, yana goge awartaki da gefen rigarsa. "Buɗe baki. Dusuma, dusuma, sannu-sannu."

Ba ta zauna ba. Kwalbar take kallo. Ita da ta shekara tana duba haƙoranta a madubi, ta san lafiyayye in ta gan shi. Fiye da rabin na cikin kwalbar farare ne sumul, ba rami ba tsatsa.

"Ɗan nan, waɗanga mi sunka yi maka?"

"Ciwo gare su, Inna, daga ciki. Ido ba shi gani."

"To kai da wane ido ka gani? Wa ya koya maka? Wa ya yaye ka?"

Dodo ya gyara tabarau. "Abijan, Inna. Kin san Abijan?"

"Abijan gari na. Ni sunan mutum nika tambaya."

"Manyan garin ga duk sun san da ni. Tahi ki tambaya, in kin gama haƙorin na jiranki."

Ya faɗa ne don ta ji kunya. Azumi kuwa ta gyara lulluɓi ta tafi tambayar.

Al'adar gari ce, duk baƙon da ya shigo da aska ko ƙaho ko awartaki, ba ya taɓa jikin kowa sai ya kai gaisuwa wurin Sarkin Aska, ya faɗi maigidansa, a zauna a ga hannunsa. Saboda haka can ta fara. Ta iske Sarkin Aska Ciɗo a zaure yana wasa aska, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ranka shi daɗe, mai rumfar tasha, kun ga hannunshi?"

"Wane? Lokotoro? Ya zo da goronshi, yaro mai ladabi. Amma shi ai ba namu ba ne, Azumi. Na gwamnati ne. Majo na gidan likita ya san da shi."

"Shi Majon ya hwaɗa maka?"

"Shi yaron ya hwaɗi. Ke ba ki ga rigar ba?"

Mutumin da ya taɓa korar wanzami daga gari saboda ya yi wa jariri tsaga a karkace, shi ne farar riga ta rufe wa baki.

Daga nan ta wuce gidan likita. Majo Almustafa shi ne babban ma'aikacin jinya a wurin, likitan kansa yana rangadi a ƙauyukan arewa. Ta bi layi cikin rana har aka zo kanta. Majo ya leƙa bakin, ya ce haƙori ɗaya ne ya ruɓe, ya ba ta ƙwaya, ya ce cirewa sai likita ya dawo.

"To shi naku na tasha hwa?"

"Namu? Wannan ai wanzami ne. Ya zo ya gaishe ni, ya ce ƙarƙashin Sarkin Aska yake. Aikin gargajiya ba ruwanmu da shi."

"Da farar rigar?"

"Iya, riga ko tela ka ba yadi zai ɗinka maka. Na gaba!"

Ga manya biyu, masallaci ɗaya suke Juma'a, sahu ɗaya ma wani lokaci, amma ba wanda ya taɓa juyawa ya tambayi ɗan'uwansa. Kowa ya karɓi gaisuwa ya ɗora nauyin a kan wancan.

Azumi ta faɗa wa mata a rijiya, aka ce tsoron awartaki ne. Ta faɗa wa Alƙasum, ya yi dariya da gefen bakin da ya rage masa.

"Ke da guɗa kaɗai kika sani, ke za ki binciki lokotoro? Kumatunki kamar kin ɓoye ƙwai!"

Azumi ta juya ta tafi. Ta san matarsa ta haihu, kuma ba a suna a unguwar nan ba tare da ita ba.

Ranar suna da safe maza suka cika ƙofar gidan Alƙasum. Ciɗo na nan da zabirarsa don askin jariri. Majo na kan kujera, Dodo kusa da shi cikin farar rigarsa, an shimfiɗa masa kilishi mai laushi kamar wani alƙali. Da liman ya raɗa suna aka shafa fatiha, Azumi ta fito bakin zaure da kumburarren kunci. Ta kama hanci ta yi guɗar, hawaye na zuba don zafi. Sannan ta shiga yabon manyan baƙi ɗaya ɗaya, yadda aka saba. Da ta zo kan Dodo sai ta ɗaga murya.

"Dodo na Bambeye! Yaron Majo, wanda gwamnati ta ba izini, in ji Sarkin Aska!"

Ciɗo ya gyaɗa kai. Majo ya ajiye goron da ke hannunsa.

"Dodo wanzami! Yaron Sarkin Aska, ɗan gargajiya, in ji Majo!"

Ciɗo da Majo suka dubi juna.

"Yaron wa?" in ji Ciɗo.

"Ba naka ba ne, Sarki?" in ji Majo.

"Ni ca nike naka ne!"

Duka suka juya wajen Dodo. Dodo ya miƙe, ya ce bari ya kewaya ya dawo. Kafin azahar rumfar tasha ba kowa. Wani yaron mota ya ce ai ya san shi a Abijan, dako yake a kasuwa. Kwalbar kawai ya bari, ta yi nauyi. Alƙasum da kansa ya je ya zazzage ta a ƙasa yana tonon nasa, kamar in ya samu za su koma.

Ba wanda ya gode wa Azumi. Ciɗo ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta, Majo ya ce ta ci mutuncin ma'aikata a bainar jama'a, Alƙasum ya ce ta ɓata masa suna. Ta ci gaba da kanumfarinta, bukukuwan kaka da yawa suka wuce ta tana kwance, har likita ya dawo daga rangadi. Kafin ta buɗe masa baki, shi ma sai da ta tambaye shi wanda ya koya masa. Ya yi dariya ya faɗi makarantar da sunan malaminsa, ta sa Majo ya maimaita a gabanta. Aka yi mata allura, aka cire guda ɗaya, ruɓaɓɓen, aka nuna mata raminsa.

Ta yi guɗa a Tawa har ta tsufa, har ta kai jikokin amaren farko ɗaki. Matan da suka yi mata wanka sun ce ban da wancan guda ɗaya, da haƙoranta cif ta koma ga Ubangijinta. Allah Ya jiƙanta. Alƙasum kuwa, har ya bar duniya in an yi layya sai an daka masa naman a turmi.